Tsakanin Goshi da Ƙasa

Zuwa ga Auta, 'yar ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki da bayin Allah da kike yi wa gashin ƙashi a asibitinku mai nisa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Babanki ya leƙo mu ranar Asabar, ya yi ƙiba har rigar da na ɗinka masa bara ta fara kuka a hammata. Maigidana, Baba Kafintanki, yana gaishe ki. Tari ya sake shi, surutu ne bai sake shi ba.

Kada ki ce me ya hana ni kiranki. A waya gaisuwa kaɗai nake iyawa. Kafin in tattaro abin da ke raina, kin ce ana nemanki a ɗakin marasa lafiya. Takarda kuwa tana jirana har in gama.

Ga abin da ke tafe da ni. Yau shekara uku da wata biyu rabon goshina da ƙasa. Gwiwoyina da ƙuguna sun sandare. A kan kujera nake sallah, in sunkuya kaɗan in ce na yi ruku'u, in ƙara sunkuyawa in ce na yi sujada. Likita ya ɗauki hoto, ya ce babu abin da ya karye ko ya zaizaye, zaman keken ɗinki ne na shekara ashirin da takwas ya ɗaure ni, kuma motsa jiki ne maganinsa. Yana faɗin haka ya kira na bayana, bai ce wane irin motsi ba.

Na san sallar zaune ta halatta ga mai lalura. Malamarmu ta faɗa mini ba sau ɗaya ba. Ba shakka nake yi ba, Auta, kewa nake yi. In na ga mata a sahu sun kai goshi ƙasa, ni ina sama kamar mai gadinsu, sai in kawar da kai.

Babanki ya ce kina wani abu wai shi yoga, kina naɗe jikinki kamar yadin da aka ninke. Shin mai shekara hamsin da huɗu tana da rabo a ciki? Amma kafin komai ki gaya mini tsakaninki da Allah: akwai bautar wani abu a cikinsa? In akwai, na haƙura da kujerata har ƙarshen kwanana. Ba zan nemi sujada ta hanyar da za ta ɓata ta ba.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Gwaggonki

* * *

Gwaggona ta kaina,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai aiki da ya sha kanmu, mu uku ne a sashen da ke buƙatar mutum shida. Ki gaishe mini da Baba Kafinta, ki ce masa ni surutun nasa nake kewa. Babana kuwa ki buɗe masa hammatar rigar kawai, ba ramewa zai yi ba.

A tsaye na karanta takardarki a bakin ɗakin motsa jiki, sai da na je na wanke fuska kafin in koma wa mutane. Shekara huɗu rabona da gida, kullum a waya "lafiya lau, sai godiya", ashe abin da kike ciki ke nan?

Ga amsar tambayarki, ba ɓoye-ɓoye. Akwai masu haɗa yoga da ibadarsu, wannan nasu ne. Abin da muke yi da marasa lafiya miƙa jijiya ne da numfashi, ba kiran sunan kowa, ba rusuna wa kowa. Amma kada ki tsaya a kan maganata, ki kai wa Malama ta gani da idonta.

Na zana miki motsi tara a jere a takardar da ke ciki. Ki yi haƙuri da zanen, tsakanin wannan mara lafiya da wancan na yi shi, mutanen sun fito kamar sauro. Ki fara da na farko, kullum da hantsi, minti goma, bayan jiki ya ɗan yi ɗumi. Kada ki wuce shi sai ya zame miki kamar shan ruwa. Abin nan ba na mako ba ne, ba na wata ba. Ni da kike gani shekarata uku ina koyon tsayuwa a kan kai, har yau in na ɗaga ƙafafu da bango nake jingina.

Za ki kai goshi ƙasa, Gwaggo, in Allah Ya yarda. Ranar ce ban sani ba.

Taki,
Auta

* * *

Auta,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Na buɗe wa babanki hammata, ya ce yadin ne ya tsuke a wanki.

Na kai wa Malama takardar. Ta sa tabarau ta duba, ta ce in niyyata lafiyar jiki ce, kuma ba na furta abin da ban san ma'anarsa ba, to in yi. Ni kuma na ƙara wa kaina sharaɗi biyu: ba na fuskantar alƙibla in ina yi, kuma ba a kan dardumar sallah ba, don kada jikina ya rikita wannan da waccan.

Yanzu ga abin kunya. Darasin farko ya fi ƙarfina.

Da na buɗe takardar na ga mace ta farko kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama, sai na ce a juye na riƙe. Na juya takardar, matar ta miƙe tsaye, sauran takwas ɗin suka kife. Na mayar. Na ce to, yarinyar nan ta yi karatunta, ni ce ban sani ba. Malama ma da ta gani sai da ta jinjina kai ta ce, "In wannan ne farko, Allah Ya kyauta ƙarshe."

Tunda kaina ba ya kai ƙasa, sai na yi dabara. In Baba Kafinta ya fita shago, in rufe ƙofa, in sa wando a ƙarƙashin zani, in tsaya a bakin gado, in dafa katifa, in kafa tsakiyar kaina a kan filo, sannan in yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa. Ta hagu tana tashi kamar taƙi ɗaya. Ta dama ta ce ba da ita ba. Kwana goma sha tara ban yi fashi ba, tunda kin ce kada in wuce sai ya zama kamar shan ruwa.

Ran na ashirin ya manta fensirinsa ya dawo, ni kuma na manta ban sa sakata ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi shiru, abin da ban taɓa gani daga gare shi ba. Can ya ce, "Tela, allura ce ta faɗa cikin filo?"

Na ce masa, a kife, "Darasi nake yi."

Ya ce, "Wa ke koyarwa, jemage?"

Wuyana ya ɗan riƙe, amma da sauƙi. Ba ƙara nake kawowa ba, tambaya nake yi: babu wani darasi a ƙasa da na farko, irin na 'yan koyo? In babu ki faɗa mini, kada ki ji nauyina.

Gwaggonki

* * *

Gwaggo!

Don girman Allah ki ajiye filon nan. Gaisuwa ta biyo baya. Ina gama karantawa na kira wayar Baba Kafinta na ce ya tsayar da ke, ina fata ya isar da saƙo bai tsaya ba'a ba.

Ina lafiya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya tsoro ya kama ni. Gwaggo, daga hagu ake farawa! Matar da ke kife a ƙarshen dama ni ce, don tsokana na zana ta, in nuna miki inda nake. Laifina ne da ban sa lamba ba. Na manta ke in idonki ya sauka a takardar da ba rubutun boko a kanta, dama yake nufa, yadda aka koya masa tun kina ƙarama a gaban allo. Ke da Malama duka.

Ga sabuwar takarda da lambobi manya-manya. Na ɗaya: ki kwanta rigingine, ki saƙala tawul a bayan cinya, ki jawo gwiwa wajen ƙirji har inda ta yarda, ki yi numfashi biyar, ki canja ƙafa. Ja kike nema, ba zafi ba; in kin ji ya soka, ki saki. Na takwas shi ne inda za mu: durƙuso, zama a kan diddige, goshi a ƙasa. Na tara na goge shi, babu shi a duniyarki.

In kin kai ga iya durƙusawa a kan bargo, ga yadda za a yi. Baba Kafinta ya yanka katakai tara masu faɗin littafi, kaurin kowanne inci ɗaya da rabi. A ɗora su kan juna a gabanki, ki riƙa sauke goshi a kan na sama. A hankali za a riƙa cire ɗaya-ɗaya har a kai ƙasa.

Amma yanzu na san halinki. Macen da ta yi kwana goma sha tara a kife ba a sakar mata linzami. Kada ki cire katako ko ɗaya sai na rubuto na ce ki cire. Ke ki riƙa gaya mini yadda gwiwa ta kwana, ni in yanke hukunci. Ki yi mini alkawari.

Ki shafa wa wuyan ruwan ɗumi.

Auta

* * *

Auta 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan kina lafiya. Takardarki ta iso, na cire katako kamar yadda kika ce. Saura huɗu. Na duba kalanda yau, shekara ɗaya da wata biyu ke nan da na fara kwanciya da tawul.

Sai da na zauna na tuna hanyar. Wata uku a kwance. Wata biyu ina rarrafe a ɗaki, in gantsare in ƙudundune kamar mage, Kafinta yana wucewa yana cewa zai ajiye mini madara a ƙaramin kwano. Ran da gwiwata ta fara taɓa bargo na ji ƙara kamar an ɓalle maɓalli, na yi salati na jira zafi, bai zo ba. Kin tuna kuma lokacin da na karɓi ɗinkin kayan makaranta, na yi kwana goma ban tashi daga keke ba, har kika sa na mayar da katako ɗaya? Na yi kuka ranar, ban gaya miki ba. Tun daga nan na sa agogo. Duk minti arba'in sai in tashi in zaga tsakar gida, ko da ina tsakiyar wuyan riga.

Na ɗinka wa katakan riga da ragowar yadi mai kauri, na sa auduga a sama, saboda goshina ya fara yin sawu, kuma ba na so a ɗauka tabon sallah ne alhali ba shi ba ne. Duk lokacin da aka cire ɗaya sai in rage rigar.

Maƙwabciyata mai sayar da sabulu ta shigo karɓar ɗinki, ta tarar da ni zaune a ƙasa ina yankan yadi. A ƙasa, Auta! Ta ce, "Tela, wane magani kika sha?" Na ce tawul. Yanzu kullum da hantsi tana nan da tawul ɗinta, tana nishi kamar mai tura mota. Ta ce ita in ta kai ga katako biyu-biyu za ta riƙa cirewa, ba ta da lokacin wasa. Na ce ba a ɗakina ba.

Sallah dai har yanzu a kujera. Na tambayi kaina ko in riƙa sujadar a kan katakan, zuciyata ba ta natsu ba, na bari. In ƙasa ce, to ƙasa.

Ke fa? Har yanzu kina nan manne da bango? An wuce shekara huɗu fa. Ki yi hankali kada tsohuwa ta riga ki isa. Kin san na taɓa gwada darasinki, ƙafata ɗaya ta tashi.

Gwaggonki

* * *

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Wannan ce takarda ta uku da na aiko ba amsa, yau wata biyar. Saƙonki na waya yana zuwa, "Ina lafiya Gwaggo, aiki ne", kalma biyar ba ƙari. In na kira sai ki ce za ki kira.

Kin san nakan fara rubutu a bayan takardar awo kafin in kwafe, don haka na koma na karanta abin da na aiko miki. Na ga inda na yi miki ba'a da bango. Ni wasa na nufa, amma a takarda ba ki ga fuskata ba lokacin da nake faɗa. In ya sosa miki rai, ki yafe mini. Ke kika sauko da ni daga kujera zuwa bargo, bai kamata in saka miki da gori ba.

Katakai huɗu suna nan yadda kika bar su. Ban cire ba. Jikina yana ce mini zan iya. Kwanan nan ma sai in ji kamar ina nutsewa fiye da da, bayana yana shimfiɗewa. Kafinta ya ce, "Cire mana, yarinyar nan ba ta gani." Na ce ba don idonta nake yi ba, alkawari na ɗauka. Ya ce to shi ke nan. Shi dai duk Lahadi yana ɗaukar su zuwa shago ya shafa musu mai, wai kada gara ta ci. Ban san gara tana shiga ɗaki mai siminti ba, amma shi ne mai sana'a.

Ba katako ne ya dame ni ba, shirunki ne. Ko layi biyu ki rubuto.

Gwaggonki

* * *

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da karkataccen rubutu, hannun bai gama dawowa ba. Yanzu lafiyata lau. Da can da nake ce miki ina lafiya, ba duka gaskiyar na faɗa ba.

Ba fushi na yi ba, kunya ce. Da na karanta ba'arki na yi dariya, sannan na ce ai kuwa Gwaggo ta yi gaskiya, shekara huɗu! Washegari na ja tabarmata tsakiyar ɗaki, nesa da bango. Matar da ke koya mana ta ce da saura, wuyana da kafaɗuna ba su gama ƙarfi ba. Na ce na ji, na bari ta juya baya. Na tashi, Gwaggo. Na tsaya cak, numfashi uku, duniya a kife tana da kyau. A na huɗu na tafi, na sa hannun dama in tare, ƙashin wuyan hannu ya tsage. Mako takwas a ɗaure. Bayan nan abokan aikina suka yi mini gashin da nake yi wa mutane, suna maimaita mini maganganuna ɗaya bayan ɗaya, suna ƙumshe dariya.

Da wane baki zan gaya wa macen da na hana cire katako ɗaya cewa ni na cire bango sukutum? Kullum sai in ce gobe. Kuma ban taɓa kawowa a raina cewa kina can tsaye kina jirana ba, na ɗauka kin ci gaba abinki. Na manta da wa nake magana. Na cinye miki wata biyar, ki yafe mini.

Na janye dokata. Ki cire ɗaya yau. Sauran ki riƙa cirewa da kanki, duk lokacin da gwiwa ta kwana uku ba ƙorafi. Yanzu kin fi ni sanin yadda ake bin abin nan.

Kada ki gaya wa Baba maganar hannu, mota zai hawo.

Taki mai jin kunya,
Auta

* * *

Auta, 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannu, sannu da hannu. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Na yafe, ke ma ki yafe wa bakina. Babanki ban gaya masa ba, amma in ya tambaye ni kai tsaye ba zan yi ƙarya ba, don haka gara ki riga ni. Kuma in hannu ya warke ki koma jikin bango, ba wanda ke korarki.

Yanzu gyara zama ki ji. Ba ki cinye mini komai ba.

Takardarki ta iso ran Laraba da hantsi. Na ɗauko katakan in cire ɗaya, na kifa su in warware ɗinkin rigar, sai na ga aikin da ba na hannuna ba. An tattaro yadin ta ƙasa an danne shi da ƙananan ƙusoshi, a jere tsaf, tazararsu ɗaya. Na sa tabarau, don in zan yi darasi cire shi nake yi. Na ɗauko tef ɗin awo. Katakai huɗu inci shida ne, ni na auna ran da na rage rigar. Auta, inci ɗaya da kwata na samu. Kowanne ya koma kamar bangon littafi.

Na rungume su na nufi shago, ko zani ban canja ba. Na sami Kafinta yana goge ƙafar tebur. Na ajiye a gabansa.

Na ce, "Malam, gara ta yi ɓarna."

Bai ɗago ba. "Ai na gaya miki."

"Gara mai ƙusa."

"Ta zamani ce."

"Na ɗauki alkawari, ka sa na karya."

Sai ya ajiye samfefa ya ce, "Ƙirga su." Na ƙirga. Ya ce, "Nawa?" Na ce huɗu.

Ya ce, "Ke aka ce kada ki cire, ba ki cire ba. Ni ba wanda ya rubuto wa. Kullum ina wucewa ta taga ina ganin goshinki yana sauka kamar an ajiye kofi, ba nishi ba komai, ki tashi kuma ki zuba wa ƙofa ido kina jiran mai kawo wasiƙa. Duk Lahadi kaurin tsinken ashana nake ferewa daga kowanne. In na ga kina ɗingishi ran Litinin, makon da ke biye ba na taɓawa."

Na tattara katakan. Na ce ƙusoshinsa sun ɓata mini yadi. Ya ce in kai ƙara wajen Auta.

Daga nan wajen Malama na nufa, don wani tsoro ya kama ni: in na yi makonni ina iyawa ina kuma sallah a kujera, akwai ramuwa a kaina? Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce ba a kama mutum da ikon da bai san yana da shi ba. In je in gwada ba a cikin sallah ba tukuna, sau da yawa, in na tabbata sai in tsaya.

Kwana shida na gwada a kan bargo, ba katako, har da tashi, ina dafa ƙasa da hannu biyu. Mai sabulu tana gefe da tawul ɗinta tana cewa ita ma mijinta za ta tura koyon kafinta. Jiya, rana ta bakwai, da la'asar, na shimfiɗa darduma, na fuskanci alƙibla, na tayar da sallah a tsaye. Na yi ruku'u, na ɗago. Na sauka. Hannu, gwiwa, sai goshi.

Ƙasa tana da sanyi, Auta. Na manta. Kusan shekara biyar, na manta cewa in goshi ya sauka hayaniyar titi ɗaukewa take yi, mutum ya ji numfashinsa dab da kunnensa. Na yi tasbihi uku, na ƙara uku. Na yi miki addu'a, ke da hannunki. Na yi wa mai ƙusoshi. Na rasa sauran abin roƙo, na ci gaba da zama a wurin.

Sai na ji takunsa a bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya yi gyaran murya. Ya matso taku biyu, ina ganin ƙafafunsa ta gefen ido, dusar katako a kansu. Bayan na sallame ya ce ya ɗauka maƙalewa na yi, yana ta tunanin ta inda zai ɗaga ni ba tare da ya ɓata mini sallah ba.

Na ce masa, "Tun ɗazu zan iya tashi. Ban so ba ne."

Gwaggonki